Muryar Najaha

Matameye, ranar Lahadi

Baban Hanifa,

Assalamu alaikum. Ina fata ka sauka Kano lafiya, ka tarar da teburinka na shayi inda ka bar shi, abokin aikinka Bawa bai sayar da butocin ba. Mu nan lafiya ƙalau. Hanifa ta yi ɗan zazzaɓi, ya sauka, yanzu ta koma bin kaji. Inna Baiwa ta aiko mana da rake daga lambunsu, ta ce ɗiyar da ta goya ba za ta sayi rake a kasuwa ba. Yayarka Habsatu tana nan yadda ka san ta. Ita ce kunnena, ita ce bakina, wani lokaci har zuciyata ita ce, don kafin in san abin da nake so ta riga ta faɗa wa mutane.

Ta hannun Sule direba na aiko wannan. Tun da sanƙarau ya tafi da jina bara, takarda ce ta rage mana, Allah ya saka wa wanda ya sa ni lakwal, makarantar boko. Wayata tana hannun ƙanenka Manu tun ranar da aka ce kurma ba ta da abin yi da waya, ta Habsatu kuwa ba zan aiko saƙo da ita ba, kafin ya iso Kano ya gama zaga unguwa.

Ga maganar. Ka tuna da za ka tafi ka ce duk inda aka ce akwai magani in je, ba sai na jira izini ba. To, majo, babban ma'aikacin asibitinmu, ya tura ni wurin wani lokotoro, wato likita, da wata ƙungiya ke kawowa daga Damagaram duk Laraba. Sunansa Mansur. Ba na kunne ba ne, kunne an riga an ce sai haƙuri. Na damuwar zuciya ne, masu rashin barci da yawan tunani yake gani. Kafin ka tambaya, a'a, ba na mahaukata ba ne.

Muna shiga Habsatu ta ja kujera ta fara zuba kamar yadda take yi ko'ina, ni ina kallon bakinta yana tafiya. Ya gaishe ta, sannan ya juya kujerarsa ta fuskance ni, ya ɗauko ƙaramin allo irin na 'yan lakwal ya rubuta da alli: “Ke na zo gani. Kina so yayarki ta zauna, ko ta jira a waje?” Baban Hanifa, tun da na kwanta ciwo ba wanda ya tambaye ni ko ruwa nake so ko kunu. Habsatu ake tambaya ina zaune. Na ɗaga hannu na nuna ƙofa. Da ka ga fuskar yayarka da ka yi dariya, ko da yake ni ma sai da na ji tausayinta.

Ina so in ci gaba da zuwa. Na faɗa maka ne don ka ji daga gare ni kafin ka ji daga wani wuri.

Matarka,
Najaha


Kano, ranar Asabar

Najaha,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni ina tsakar suyar ƙwai, har mai ya ɗiga a kanta. Lafiyata lau. Butoci suna nan, Bawa ya ce a gaya miki shi ba ɓarawo ba ne, sukari kawai yake ɗiba. Ki shafa mini kan Hanifa, ki yi wa Inna Baiwa godiyar rake.

Daga wani wurin kuwa na riga na ji. Yaya Habsatu ta kira ni tun ranar Larabar, takardarki ta zo ta tarar labari ya tsufa. Kuma nata ya fi naki tsawo. Ba ki ce mini ana rufe ƙofa ba. Ba ki ce yana ajiye radiyo a bakin ƙofar daga waje ya ƙure masa murya ba. Ba ki ce duk abin da ya rubuta a allon sai ya goge da tsumma kafin a buɗe ba. Ni ban yi nisa a lakwal ba, amma na sha zuwa asibiti, ban taɓa ganin maganin da ake sha da kiɗa ba. Ba allura, ba ƙwaya, sai hira? Hira da matar wani?

Duk wannan da sauƙi. Yaya ta ce lokacin da radiyon ya yi ɗan shiru tsakanin waƙa da waƙa, ta jiyo muryarki. Ta rantse mini. Ta ce magana kike yi da bakinki, har da dariya. Na ce mata ba ta ji daidai ba, Najaha ba ta magana. Tun da aka sallamo ki kika kulle bakinki, in na tambaye ki abu sai ki gyaɗa kai ko ki nemi biro. Ni duk a zatona ciwon ne ya haɗa da harshe, har addu'a nake yi Allah ya dawo miki da shi. Ashe muryar tana nan, ajiye ta kika yi sai mai allo ya zo daga Damagaram.

Ban hana ki zuwa ba tukuna. Amma ki ba ni amsa. Yaro ne ko babba? Yana da mata? Me kuke cewa?

Mijinki,
Hashimu


Matameye, ranar Alhamis

Baban Hanifa,

Sallama da gaisuwa. Kowa lafiya, sai akuyarka mai ciwon ƙafar nan da ta haifi biyu, ɗaya bai zo da rai ba. Sanyi ya fara shigowa, na fito da bargon Hanifa.

Tambayoyinka uku ne. Yana da furfura, ban ƙirga ba. Matarsa ban tambaya ba, shi ma bai taɓa kawo zancen gidansa ba, ya ce lokacin nawa ne. Ta ukun ba zan amsa ba. Amma zan gaya maka sauran, tunda yayarka ta kawo maka rabi.

Ba na jin muryata. In na yi magana ban san ko raɗa nake yi ko shela ba. Ranar farko ya rubuta mini cewa muryata tana kaiwa bencin da mutane ke jira, don bangon ɗakin ba shi da kauri. Ya ce ba laifi ba ne, amma haƙƙina ne in sani. Sannan ya tambaye ni wanne na fi so, ya riƙa yi mini alama in rage, ko ya sa radiyo a waje in yi magana yadda na ga dama. Na zaɓi radiyo. Nasa ne, a jakarsa yake zuwa da shi.

Allon kuma, kai in ka yi magana da lokotoro iska ce take ɗauke maganar. Ni tawa rabinta a rubuce take, duk wanda ya leƙo zai karanta. Shi ya sa yake gogewa a gabana kafin ya buɗe ƙofa.

Ɗakin yana da taga ta gilashi ba labule. Madam Jamila ungozoma tana zama a bayanta, tana ganin mu ba ta jin mu. Shi ya shirya haka tun ban buɗe baki ba, ya ce ya san garin da ya zo aiki. Wannan ne Habsatu ta manta ba ta faɗa maka ba. Ya kuma bayyana mini tun farko cewa abin da na faɗa ba ya fita, ko majo ba zai ji ba, sai in ya ga raina ko na wani yana cikin haɗari, kuma ko a nan ni zai fara gaya wa.

Na fara samun barci. Jiya na yi wa Hanifa kitso da hannuna, na je rijiya ni kaɗai ban jira rakiya ba. Ban san yadda zan faɗa maka ka gane ba. A ɗakin nan kaɗai nake mantawa ni kurma ce. Ban taɓa sanin akwai wanda ya iya sauraro haka ba.

Ka sha shayinka da zafi, ka bar na wasu ya huce musu.

Najaha


Kano, ranar Talata

Najaha,

Sallama. Ina lafiya, ina fata kuna lafiya. Na san na daɗe ban rubuto ba, Sule ya zo ya koma hannu banza, ya sake zuwa. Ba rashin takarda ba ne. Duk lokacin da na ɗauki biro sai in koma kan layin nan naki, wai ba ki taɓa sanin akwai wanda ya iya sauraro haka ba. Na karanta shi har takardar ta yage a wurin ninki. To ni da muke tare tun kafin a haifi Hanifa, me nake yi? Gyangyaɗi?

Na sa Manu ya samo mini lambarsa, na kira shi. Ba zan yi masa ƙarya ba, ya gaishe ni da mutunci.

Na ce, “Ni ne Hashimu, mijin Najaha. Me matata take gaya maka?”

Ya ce, “Malam Hashimu, ka yi haƙuri. Ko sunan wanda yake zuwa wurina ba na iya tabbatar wa kowa.”

Na ce, “Ni aka ɗaura wa aure da ita, ba kai ba.”

Ya ce, “Ban shiga hurumin miji ba, ba kuma zan shiga ba. Amma maganar mutum tasa ce. In kana son jin ta wani, shi ake tambaya.”

Na ce, “Ta yaya zan tambayi wadda ba ta ji?”

Ya ce, “Rashin ji ba ya hana mutum ba da amsa.”

Sannan ya ƙara da cewa ya ji kamar raina a ɓace yake, in ina so akwai abokin aikinsa a Kano da zai haɗa ni da shi mu yi magana. Ni zai tura wurin masu allo. Na kashe wayata kafin in faɗi abin da zan yi wa istigfari.

Mutumin da bai ɗaga murya ba, bai zage ni ba, amma ya tsaya tsakanina da iyalina kamar katanga. Da ya yi mini rashin kunya ma da na fi samun sauƙi. Yanzu in ina zuba wa mutane shayi, ɗakin nan nake gani, ke kina dariya, shi yana gogewa.

Ga maganata. Ko Yaya Habsatu ta shiga ta zauna tare da ku, ko ki daina zuwa. Izinin da na bayar na magani ne. Ki kira shi kishi in kina so, shi ne, ban ɓoye ba.

Hashimu


Matameye, ranar Juma'a

Baban Hanifa,

Sallama. Muna lafiya.

Na je Larabar nan don in yi ban kwana. Kafin in ce komai ya rubuta mini cewa ka kira shi, ya rubuta abin da ka tambaya da abin da ya amsa. Na gwada da takardarka, bai ƙara ba bai rage ba.

Na so ya ce kai ne da laifi. Na ma roƙe shi ya faɗa, ya ƙi. Ya ce mutum mai nisa da gida ba abin mamaki ba ne in hankalinsa ya tashi. Ya jero mini abin da zai yiwu. Habsatu ta shigo in ni nake so. Ko ya haɗa ni da abokiyar aikinsa mace a Damagaram. Ko in ka dawo mu je tare, akwai kujera, in na yarda. Ya ce shi ba zai zaɓar mini ba, gidana ne, aurena ne.

Habsatu ba za ta shiga ba. Damagaram kuwa wa zai raka ni in ba Habsatun ba? Don haka na daina.

Bai bar ni na tafi haka nan ba. Ya ce in zaɓi mutum ɗaya wanda zan je wurinsa duk ranar da zuciya ta yi mini baƙi. Na zaɓi Inna Baiwa. Da yardata aka kira ta, muka zauna mu uku, ya gaya mata iyakar abin da na ce a gaya mata. Ya ce duk ranar da na dawo ba zai tambaye ni dalilin tafiyata ba.

Na bi umarninka. Hanifa tana gaishe ka.

Najaha


Kano, ranar Litinin

Najaha,

Assalamu alaikum. Yaya sanyi, yaya Hanifa? Nan ciniki ya buɗe, sanyi ya koro mana mutane, ni da Bawa ko zama ba ma samu. Na aiko da atamfa da takalmin yarinya, in bai shige ta ba a ba ɗiyar Manu.

Takardunki na bayan nan ko ƙosai ba za a ƙunshe da su ba. “Muna lafiya, an gode.” Wannan ko maƙwabci ya fi shi. Na samu abin da na nema, ya kamata in yi barci da minshari, amma ban samu ba. Yaya ta ce kin koma gidan jiya. Ta ce kina wuni a ɗaki, kan Hanifa ya tsefe ba mai kamawa, in an kawo abinci sai ki juya shi da cokali ki ture. Har ita da ta kawo mini ƙara yanzu cewa take yi ko an yi gaggawa.

Ni kuma abin da ya tsaya mini a wuya daban ne. Kin gwammace ki bar maganin gaba ɗaya da ki bari yayata ta ji. Wace irin magana ce wannan? Kuma da aka ce ki zaɓi mutum ɗaya a duniya, Inna Baiwa kika zaɓa. Na san ina Kano, na san ita ta goya ki, na san duk hujjojin, na faɗa wa kaina su. Amma ko a baki ba ki ce kin fara tuna ni ba. Yanzu har tsohuwa mai lambun rake nake kishi, kin ga inda kika kai ni.

Me ya yi miki da ni ban yi ba? Ni na riƙe ki a bayan babur ɗin kabu-kabu kina sanƙare har asibiti. Ni na zauna a baranda har aka sallame ki. Da mutane suka fara cewa in nemi mai lafiya, ni na kore su daga zaurenmu. Shi allo kawai ya kawo da radiyo, ya samu muryarki. Ni me ya rage ban kawo ba?

Ba faɗa nake yi ba. Ki gaya mini.

Mijinki,
Hashimu


Matameye, ranar Asabar

Baban Hanifa,

Wa alaikumus salam. Atamfa ta yi kyau, takalmi ya shige ta, har barci take so ta yi da shi. Allah ya ƙara buɗi.

Ka tambayi abin da ya yi wanda kai ba ka yi ba. Tambayar a juye take. Akwai abin da kai kake yi, shi bai taɓa yi ba.

Ranar da aka dawo da ni gida, abokanka sun zo duba ni, kuna zaune a tabarma tsakar gida. Na fito ina murna na ce musu sannunku da zuwa. Na ga sun zabura, ɗaya har ruwan hannunsa ya zube. Na duba fuskarka. Ka yi ɗan murmushin nan na jin kunya, ka buɗe tafin hannunka ka sauke shi ƙasa a hankali, wato in rage. Washegari na kira Hanifa daga bakin murhu, hannun ya sauka. Manu ya yi wani abin dariya na yi dariya, hannun ya sauka. In muna kusa ba ka ma ɗaga shi, gwiwata kake taɓawa.

Ba ka taɓa zagina ba. Ka yi jinyata yadda ko uwa sai haka, duk abin da ka lissafa gaskiya ne, ban manta ko ɗaya ba. Amma duk lokacin da na buɗe baki hannunka nake gani, kuma ni ba ni da yadda zan san ko na rage ko ban rage ba. Sai na gane kunyar muryata kake ji. Na ce to bari in hutar da kai. Na ɗauka za ka tambaye ni dalili, sai na ga ka sayo mini biro da littafi, hankalinka ya kwanta. Ina jin ba ka ma san kana yi ba, hannun da kansa yake tafiya.

A ɗakin can na yi kuka da ƙarfin da ban san iyakarsa ba. Ina kallon hannun mutumin nan, yana kan gwiwarsa, bai motsa ba har na gama. Iyakar abin ke nan, Baban Hanifa. Ba kyau gare shi ba, ga tumbi, rubutunsa ma sai na ƙura ido nake ganewa. In kishi za ka yi, ka yi da hannun.

Abin da na faɗa masa ba zan rubuta ba. Da baki ya fito, ba zai shiga takarda ba.

Najaha


Kano, ranar Laraba

Najaha,

Sallama. Lafiya lau nake, ki gaishe da kowa.

Da na karanta takardarki na ce ƙari kika yi, sau ɗaya ne ko biyu. Na kira Yaya na tambaye ta. Ta ce, “Kai kam kullum, ni na ɗauka ma ita ta ce ka riƙa yi mata.”

Na yi tunani, ga abin da na gani. Na ce wa Manu ya mayar miki da wayarki yau ɗin nan, ya sa mata kati, lambata ce ta farko a ciki. Ke ba ki ji, amma ni ina ji, ban san me ya hana mu lura da wannan ba tuntuni. Ki kira ni, ki yi magana. Ba za ki ga fuskata ba, ba za ki ga hannuna ba, ko na so in katse ki ba ni da hanya. Ki yi da ƙarfin da Allah ya ba ki. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya fi, lokacin teburi ba kowa.

Amma ki gaya mini duka, abin da kika gaya masa. In na ji abin da ya ji, ki koma wurinsa, ni da kaina zan ce wa Yaya ta bar ki. Ba zan iya zama ina sane da wani namiji ya fi ni sanin matata ba. Wannan ne sharaɗina, na san ba kyakkyawa ba ne, shi nake da shi.

Hashimu


Matameye, ranar Juma'a

Baban Hanifa,

Assalamu alaikum, mai saurare. Yau kam lafiya muke ta gaske. Ka yi haƙuri da rubutun.

Ka yafe mini ban jira an sauko masallaci ba. Da sassafe Habsatu ta ɗauki Hanifa suka tafi Tsauni barkar haihuwa, gida ya zama nawa ni kaɗai, na ce in na jira zuciyata za ta karaya. Na danna lambarka, na tsaya har na ga ka ɗauka. Sai na ajiye wayar a kan matashi a gabana, na rufe idona, don kada in ga komai da zai sa in yi shiru.

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Da na fara rana tana bakin ƙofa, da na buɗe ido ta kai tsakar ɗaki, maƙogwarona ya bushe ƙamas. Na yi kuka, na yi maka faɗa, ina jin har waƙar da nake yi wa Hanifa tana jaririya na rera maka. In maƙwabta sun ji, su suka sani. Har maganar rijiyar lambu na gaya maka, wadda ko Inna Baiwa rabinta ta sani. Kada ka tsorata, ta wuce, ka ji da kunnenka yadda ta wuce.

Na ga kiranka rututu a wayar bayan na gama. Ka manta ba na ji? Na yi dariya ni kaɗai, na san so kake ka ba ni amsa. Ka rubuto ta, ina jira, kuma kada ka yi mini rowar takarda.

Ka saurara har ƙarshe ba ka katse ni ba. Yanzu ku biyu ne kuka ji, kuma kai ne a gaba, don shi ban taɓa rera masa waƙa ba. Na dafa shinkafa da wake na ci na ƙoshi. Laraba in je?

Taka,
Najaha


Kano, ranar Lahadi

Najaha,

Wa alaikumus salam. Jikina lafiya.

Da safe kika kira, lokacin da teburi ya fi cika, mutane a benci har wasu a tsaye. Na ga sunanki na ɗauka. Kika yi sallama. Sannan kika ce “Hashimu,” sunan da ba ki taɓa kira a gabana ba tun da aka kawo ki gidanmu. Muryarki ce, ba ta canja ba, ƙarfi kawai ta ƙara. Ta fito daga wayar har mutanen benci suka ɗago kai, wani yaron mota ya dubi na kusa da shi ya yi murmushi.

Wallahi ban yi shawara ba. Babban yatsana ne ya tafi neman inda ake rage murya. Jan maɓallin kashewa yana kusa da shi.

Sallamar da sunana, su kaɗai na ji. Na bar ƙwai yana ƙonewa na shiga lungu na yi ta kira. Kiran da kika gani ba bayan kin gama ba ne. Ina jin wayar tana ƙara can a ɗakinmu, ke kina gabanta ido a rufe kina yi mini magana.

Bawa ya ce in yi shiru, in rubuto in ce na ji, tunda kin samu sauƙi me zai sa in ɓata. Na so in bi shawararsa, har na fara takardar. Amma ban san wace magana ce ta rijiya ba, Najaha. Tun da na karanta layin nan nake ta juya shi a raina.

Ki je Laraba. Ban ji komai ba, sharaɗina ya faɗi, ki je duk da haka, na riga na gaya wa Yaya. Kishin yana nan, ya ma ƙaru, don har yau shi kaɗai ne ya ji, kuma wannan karon ba shi ya hana ni ba.

Na bar wa Bawa teburi. Sule zai kawo miki wannan, ni ina motar da ke bayansa in na gama haɗa kaya. Kin ce ya ce akwai kujera. Na ɗauko wayata zan kira shi in tambaya ko zan iya shiga, sai na ajiye, don na san amsar da zai ba ni. Ke ake tambaya.

To ina tambaya. Kin yarda in shigo in zauna? In kin ce a'a, zan zauna a benci tare da masu jira har ki fito.

Mijinki,
Hashimu